Araha Ba Ta Ado, Amma Tana Saiti

Masu bindigar iska ta sifirin, 'yan Jamus da Ingila, ku gyara zama, yau da ku nake. Na ga tun ban buɗe baki ba wasunku sun murtuke fuska. A sha ruwa tukuna, Alhaji. Maganar ba ta da tsawo: a ɗauko bindigar iska mai tanki ta araha, irin wadda masu sayarwa ke kira PCP, a ajiye ta kusa da Weihrauch HW97K ko Air Arms TX200 ɗin da kuke taƙama da su, a manna takarda a nisan mita 30, a kira yaron da bai daɗe da fara harbi ba. Mai tankin ce za ta fi tara ramukanta wuri guda. Kuma ko kai aka kira, ranka ya daɗe, ba na tsammanin labarin zai canja sosai.

Na san amsar da ke bakinku: araha ba ta ado. Wallahi ba ta yi. Ƙotarta roba ce, ka ƙwanƙwasa ta yi maka ƙarar fanko. Kunamarta sai ka ji tana ƙas-ƙas kafin ta saki. Yawancinsu daga Sin ko Turkiyya suke fitowa, wasu ma da sunan kamfanin Turai a jikinsu, kamar Diana Stormrider. Taku kuwa ƙarfe ne baƙi sitik mai ɗaukar ido, wanda aka goge a Mellrichstadt ko Hailsham, ga katako mai sheƙi, ga kunamar Rekord da ke saki ba gardama. Duk na yarda. Sai dai takardar da ke can mita 30 ba ta ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Rami kawai take ƙirgawa.

Ku bari mu leƙa cikin taku mu ga abin da ke faruwa idan aka taɓa kunama. Akwai fistin na ƙarfe mai nauyi da ka danne a kan sifirin lokacin da ka ɗana. Kana sakinsa ya yi gaba a guje, bindigar kuma ta yi baya zuwa kafaɗarka. Kafin ka farga fistin ya ci karo da iskar da ya matse a gabansa, ya tsaya cak, bindigar ta sake fizgewa gaba. Sifirin ɗin yana can yana karkarwa yana murɗawa. Duk wannan rawar ana yin ta ne ƙwayar dalmar ba ta gama fita daga bututu ba. To duk abin da tafin hannunka da kumatunka da kafaɗarka suka yi wa bindigar a wannan ɗan tsakanin, shi za ka je ka tarar a takarda. A cikin mai tanki fa? Wata 'yar guduma ce ke dungurar bawul, iska ta fita fit, bawul ya koma ya rufe. Shi ke nan. Kana kallo ta madubin saiti za ka ga ramin ya ɓullo, bindigar ko gezau ba ta yi ba.

Shi ya sa ku da kanku kuke da ladubba masu yawa. Tom Gaylord, marubucin nan na Amurka, shi ya yayata irin riƙon da ya laƙaba wa sunan igwa: ka shimfiɗa bindigar a buɗaɗɗen tafinka, kada ka damƙe, kada ka manna ta a kafaɗa da ƙarfi, ka bar ta ta zabura yadda take so, kuma ka ajiye tafin a wuri ɗaya tak kowane harbi. Ka gusar da shi yatsa biyu, inda ƙwaya ke sauka ya gusa. Ka ɗora ta kai tsaye a kan katako ko ƙarfe, ramuka su watse. Ka manta ba ka duba ƙusoshin ƙota ba, girgiza ta kwance su a ɓoye, ka wuni kana zargin iska. Madubin saiti ma ba kowanne ke jure mata ba, domin fizgar nan ta gaba tana lalata har wanda aka yi don bindigar harsashi. Ingarma ce ta hawan sallah, babu mai musu, amma sai mahayi. Wanda bai iya linzami ba, kuɗin da ya kashe wajen kayan doki ba za su hana shi shan ƙasa ba.

Ga wani can ya ɗaga hannu: "To gwanayen da ke cin gasa da TX200 fa?" Madalla, Malam, suna nan, kuma ina cire musu hula. A gasar harbin fili da aka faro a Ingila a farkon shekarun 1980, ana kafa siffar dabba ta ƙarfe mai rami a ƙirji, faɗinsa daga milimita 15 zuwa 40, nisa har mita 50, sai ka zura ƙwaya ta cikin ramin sannan siffar ta faɗi. Akwai masu yin wannan da sifirin har ka riƙe baki. Amma ka taɓa tambayar dalilin da ya sa aka ware wa 'yan sifirin rukuninsu daban a gasar duniya? Ba don a kare masu tanki daga gare su aka yi haka ba. A Olamfik ma, inda harbin bindigar iska na mita 10 ya shiga a Los Angeles a 1984, makin goma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. A da Feinwerkbau 300S, mai sifirin, ita ke jan zare a irin wannan harbi, kuma ko ita sai da aka ɗora bututunta da injinta a kan 'yar doga suna zamewa baya don kada mai harbi ya ji zaburar. Yau ka je ka nemo mai sifirin a layin, in ka samu ka aiko mini. Za ku ce ai waɗancan masu tankin tsada ne da su. Gaskiya ne. Amma natsuwar nan ba da kuɗi ake sayenta ba, a cikin ƙirar take, ta araha ma ta gaje ta.

Masu cewa tanki sabon yayi ne, ku ma ku huta. Sojojin Ostiriya sun riƙe bindigar Girardoni mai tulun iska tun wajen 1780, Lewis da Clark kuma sun ratsa Amurka da irinta daga 1804.

To ku 'yan tanki, na ga kuna dariya, ku rufe bakin. Ana cika abar taku da iska har bar 200 ko fiye, alhali tayar ƙaramar mota ba ta wuce biyu da 'yan kai ba. Da me za ka cika? Ko ka sayi famfon hannu ka yi ta sunkuyo kana miƙewa har gumi ya jiƙa riga, sannan ka ɗauki bindiga hannu na rawa ka ce za ka yi saiti, ko ka sayi kwamfuresa da kuɗinta zai cinye arahar da kake tutiya da ita. In babu na'urar daidaita iska a ciki, harbin farko da na tsakiya da na ƙarshe ba gudu ɗaya suke yi ba, sai ka koyi inda daɗin yake a geji ka tsaya a nan. Umarex Gauntlet ta yi suna a 2017 ne don ta kawo wannan na'ura a kan dala 300 ko kusa da haka. Sannan araha caca ce: mutum biyu su sayi iri ɗaya rana ɗaya, bututun wannan ya fito sumul, na wancan ya zama abin haushi. Ga zoben roba da ke tsufa ya fara yoyo, ka kwanta tanki cike ka tashi allurar geji tana ƙasa. Ga laimar famfo da ke shiga ta haifar da tsatsa. Kuma don Allah kada wani mai wayo ya ce zai cika ta da iskar oksijin ta masu walda, fashewa take yi. Ɗan sifirin kuwa damtsensa da gwangwanin dalma sun ishe shi. Weihrauch HW35, mai sifirin, tun 1951 ake ƙera ta, kuma tsofaffinta suna nan suna aiki a hannun jikoki.

Abin da ke taimakon 'yan sifirin na Ingila, wanda ba a cika faɗa ba, doka ce. Ba a yarda ƙarfin bindigar iska ya wuce jul 16 da ɗan ɗoriya ba sai da lasisi, a Jamus ma jul 7.5 ne. Sifirin mai sauƙin ƙarfi a cikin bindigar da ta kai kilo 4, zaburarsa kaɗan ce. Wanda ya ruɗu da lambar gudu a jikin kwali ya sayo mai sifirin ƙato, shi ne zai ta harbin gefen gwangwani yana cewa madubi ne ya karkace. Dalma ma da nata: bututun da ke son dalmar JSB ba lallai ya so ta H&N ba, sai ka gwada.

Saboda haka, Alhaji, in tara rami wuri guda ba wahala kake nema, mai tanki ta araha ta riga taka, sai dai in an yi rashin sa'ar bututu. In kuwa abin da za ka bar wa magada kake so, kuma kana da haƙurin koyon riƙo, kuɗinka bai faɗi ba. Wanda har yanzu bai yarda ba, ya nemi wurin da doka ta amince, da bango mai kauri a baya, ya harba goma-goma da kowacce, ba uku-uku ba, kuma kada ya ɓoye ramin da ya yi nisan kiwo ya ce iska ce ta kaɗa. Ya sa rula ya auna, sannan ya zo mu yi magana.