Mu da “a yi haƙuri”, mu da lauya

Mu nan Buji, in aka ji kuka ta bayan katanga da daddare, juya kwanciya muke yi. Da safe a haɗu a bakin famfo, a ga idon wance ya kumbura, a ce “sannu, Allah ya ƙara haƙuri.” In ta yi yaji, uwa ta ce, “’Yar nan, haka muka zauna da ubanki.” Baba ya ce kada ta kwana. Miji ya turo biko da goro, ta koma. Mai unguwa ya sasanta, dagaci ya sasanta, kowa na faɗin harshe da haƙori ma sukan saɓa. Sulhu alheri ne, ya ceci gidaje da yawa. Amma wanda ake yi ba a tambayi wa ya daki wa ba, ciwon yake rufewa kawai.

Ranar da abin ya kai ga jini, ’yan sanda suka iso daga Gantsa, sai mu da muka yi gum mu rikiɗe alƙalai. A teburin mai shayi an gama shari’a kafin ruwa ya tafasa. In aka ji dangi sun ɗauki lauya, sai wani ya ce, “Haba Malam, mutum ya karya hannun matarsa, wani kuma ya sa baƙar riga ya tsaya masa? Wane irin neman abinci ne wannan?”

Na fahimci zafin, amma ban yarda ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma yana da damar kare kansa ko ya ɗauki lauya. Shari’ar Musulunci ma mai da’awa take ɗora wa kawo shaida. Aikin lauya shi ne ya bincika ko da duka aka karɓi iƙirari, ko takardar likita ta dace da abin da aka faɗa, ko mutum na kwance a gidan yari wata da watanni ba a saurare shi ba. Wanda ba shi da ko sisi, akwai hukumar ba da lauya kyauta da gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976.

Doka kuwa ba ta goyon bayan mai duka. A 2021 Gwamna Badaru ya sa hannu kan dokar hana cin zarafi ta Jigawa. A mazhabar Malikiyya ma, matar da ta tabbatar da cutarwa, alƙali na iya raba auren ba sai ta mayar da sadaki ba. Sai dai da me za ta tabbatar? Da maƙwabta. Mu ne muka ji, mu ne muka gani, mu ne kuma in an kira shaida muke cewa ba ma shiga tsakanin miji da mata. Haka ake barin alƙali da bakin mutum biyu, ita ta rasa haƙƙinta, wanda aka yi wa ƙazafi shi ma ya rasa mai wanke shi.

Kuma wa ya ce kullum namiji ake tuhuma? A 2014 an gurfanar da wata yarinya ’yar shekara 14 a babbar kotun Gezawa, a Kano, bisa zargin sa wa mijinta guba. Shi da wasu mutum uku suka rasu. Masu gabatar da ƙara hukuncin kisa suka nema. Lauyoyi mata na ƙungiyar FIDA ne suka tsaya mata, suka ɗaga maganar shekarunta da yadda aka yi auren. A 2015 gwamnatin Kano ta janye ƙarar, kotu ta sallame ta.