Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwaggo Kwamfuta

Zuwa ga Gwaggo Kwamfuta,
Ƙarƙashin tebur, gefen injin fotokofi,
New Bell, Duwala.

Da fatan kin tashi lafiya, ko da yake a unguwar nan babu wanda ya kai ki yawan tashi, tunda kafin ladan ya kira azahar kin kwanta kin tashi ba adadi. Da biro nake rubuta miki wannan wasiƙa, don in na ba ki amanarta ba za ta kai sakin layi na biyu ba.

Koke a rubuce ba baƙon abu ba ne a garin nan. Tun zamanin Jamusawa sarakunan Duwala, ciki har da Rudolf Duala Manga Bell, suka aika wa majalisar Jamus takardun koke a kan shirin tashin mutane daga bakin kogin Wuri, shirin da ya haifi New Bell ɗin da muke zaune. Nawa bai kama ƙafar nasu ba, amma ni ma abincina ake taɓawa. Masu neman aiki, masu takardar haya, 'yan Marché Central da Marché Congo masu son rasit, duk a gabanki suke layi.

Ban ga laifinki don kin faɗi ba, Gwaggo. Waɗanda suka fi ki gata sun faɗi. A 1998, gaban Bill Gates da taron jama'a, ana tallar Windows 98, aka jona na'urar sikana sai allo ya koma shuɗi. Ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa guda daga kamfanin CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci wajen miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. Balle ke, da kika yi ƙuruciyarki a wani ofis a Turai, kika shigo ta tashar jirgin ruwa cikin kwantena, kika yi bautar gidan intanet, sannan kika zo hannuna da tsufa. Ga zafi, ga laimar Yuli da Agusta mai sa ƙarfe tsatsa, ga ƙurar titi da ta toshe miki fanka. Faɗi abinki.

Abin da ya dame ni saurin miƙewar nan ne. Allo ya yi shuɗi, ki nuna min fuskar nan mai baƙin ciki da aka ƙirƙiro muku tun Windows 8, can ƙasa kuma ga sunan cutar da ƙananan baƙaƙe. Kafin in laluba tabarau, kin ɗauke, kin sake kunna kanki, kina yi min maraba kamar yanzu muka haɗu. Halinki ɗaya da wanda ya faɗo daga kan bendskin, wato babur ɗin haya, a tsakiyar Ndokoti, ya yi wuf ya miƙe yana kakkaɓe riga yana cewa ba komai, alhali jini na bin ƙafarsa. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, ranki ya daɗe. Waccan 'yar kalmar ta ƙasan allo ita ce za ta gaya wa mai gyara ko sandar RAM ce ta kwance, ko faifai ne ya fara mutuwa, ko manhajar firinta ce ba ku jituwa.

An ce da magani, kuma ba a ɓoye yake ba. Da yake Faransanci kike ji, sai a bi ta saitin tsarin zuwa inda aka rubuta Démarrage et récupération. A nan akwai wani ɗan akwati mai alamar maki a ciki, an rubuta Redémarrer automatiquement a gefensa. A cire alamar, a danna OK, shi ke nan: in kin faɗi sai ki tsaya a shuɗin har a karanta. Na cire. Kika karɓa hannu bibbiyu. Washegari na leƙa, alamar ta dawo ta zauna daram. Na sake cirewa, ta sake dawowa. Gwaggo, ko mai bin bashi yakan yi fashin rana ɗaya.

Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba, kin san majalisar mai shayin ƙofar shago. Wani ya ce ba da sunan mai gida na shiga ba, wato asusun da ke da ikon canja saiti. Aka duba, da shi na shiga. Wani ya ce ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin allon cikinki ne ya mutu. Aka sayo sabo. Agogonki ya daidaita, an gode, amma wannan batirin saitin BIOS da lokaci yake riƙewa, ba ruwansa da ɗan akwatina. Wani ɗalibi ya shiga can cikin rajistar tsarin, ya nemo wurin da ake kira CrashControl, ya mai da AutoReboot daga 1 zuwa 0, ya tashi yana taƙama. Da kika sake kunnuwa, 1 ya dawo gurbinsa. Yaron bai ƙara biyowa ta layinmu ba. Wani dattijo kuwa ya ce a yi miki tofi. Ban hana ba.

Sai da na kira wani mai gyara daga Ancien Troisième asirinki ya tonu. Ya dubi kusurwar allo ta dama, ya danna Ctrl da Alt da Shift da F6 lokaci guda, sai ga wata taga tana neman kalmar sirri. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe tun kina gidan intanet aka sa miki Deep Freeze, manhajar da masu irin waɗannan gidaje ke sawa don kada yara su ɓata musu na'ura. Aikinta ɗaya ne, kuma tana yin sa da gaskiya: duk abin da aka canja a ɓangaren faifan da aka daskarar, da zarar an sake kunnawa sai ta shafe shi, ta mai da komai yadda yake ranar da aka kulle. Takardun masu hulɗa da ni sun tsira ne kawai saboda a ɓangaren D nake ajiye su, shi kuma ba a daskarar da shi ba.

To a nan ne na jinjina miki. Duk lokacin da kika faɗi, Windows kan rubuta ɗan bayanin abin da ya faru ta ajiye a jakar Minidump, ta kuma shigar da shi littafin abubuwan da suka auku. Duka biyun a ɓangaren C suke. Wato ki faɗi, ki miƙe kafin a karanta allo, miƙewar kuma ta shafe shaidar faɗuwar, ta haɗa da umarnin da na ba ki na kada ki miƙe. Ko lauyoyin Bonanjo ba su iya ɓatar da shaida haka ba.

Kalmar sirrin kuwa tana wurin tsohon mai gidanki. Wayoyin hannu sun kashe masa kasuwa, ya sayar da kujeru da tebura, ya bi jirgin ƙasa ya yi Arewa. Ke kuma kullum kina wayar gari a ranarsa ta ƙarshe, kina jiran yara su zo su biya kuɗin awa.

Zan yi miki adalci a abu ɗaya. Ba kowace mutuwa ce taki ba. In wuta ta yi ƙasa, ko aka ɗauke ta aka dawo da ita cikin ƙiftawar ido, kina mutuwa ne babu shuɗi babu sallama, kuma babu wani akwati da zai hana wannan. Maganinsa akwatin ajiyar wuta ne, wanda masu gyaran nan ke kira onduleur, na kuwa shiga adashe dominsa. Amma shuɗin naki ne, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga hukuncin da na yanke. Mai gyaran zai dawo ranar Asabar. Zai kwashe abin da ke D, ya goge ki tas, ya hure ƙurar cikinki, ya sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarki da fanka, ya gwada sandunan RAM ɗaya bayan ɗaya. Windows 10 da kike taƙama da ita ma masu ita sun daina kula da ita tun 14 ga Oktoba 2025, sai mu ga ko ƙashinki zai ɗauki wata. In ba zai ɗauka ba, akwai masu sayen tsoffin na'urori don cire kayan gyara, kuma sun riga sun taya.

Kafin nan, na kafa waya a kan tebur tana ɗaukar allonki bidiyo tun daga buɗe shago har rufewa. Don girman Allah, in za ki faɗi, ki faɗi a gabanta, mu samu sunan cutar nan kafin Asabar.

Wassalam.

Ɗanki mai haƙuri,
Mai shagon buga takardu,
Unguwar Hausawa, New Bell.