Ranar da Injin Kawu Ya Ƙi Ɗaga Ƙafa a Jabi

Mutumin Abuja idan kuɗi suka zauna masa, mota yake fara canzawa, sai gida, sai ƙarin aure. Kawuna da ya gama da ukun nan sai ya sayi jirgin ruwa mai inji, a garin da ba shi da teku. Ya ajiye shi a tafkin Jabi, wanda shi ma tare ruwan aka yi don shayar da sabon birni kafin madatsar Usuma ta karɓi aikin. Da yake ina da digiri kuma ba ni da aiki, sai aka naɗa ni mai kula da jirgi. Bakatsine ne ni, ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne kududdufin unguwarmu.

Wata Asabar Kawu ya bugo waya: surukansa za su iso daga Kano bayan la'asar, a zaga da su. Na ci ado da farar shadda, na isa bakin ruwa, na tarar da direban jirgi ya yi tagumi. Injin Yamaha da aka bari a ɗage ya sauko da kansa cikin dare, ya kafa farfela a laka. Akwai na'urar da ke ɗaga shi, masu jirgi suna ce mata tirim. Ƙaramin moto na lantarki ke juya famfo, famfo ya tura mai cikin silinda, man ya tunkuɗa sandar ƙarfe, sandar ta ɗaga injin. Direba ya danna maɓalli. Moto ya yi kuka, inji ya taso da rawar jiki har rabi, ya yi ɗan tunani, ya koma ya kwanta.

Kafin ka ce kwabo likitoci sun taru. Direba ya ce batir ne. Aka ciro na motata aka ɗaura, inji ya sake tasowa ya gaishe mu ya koma. Mai rake ya ce fetur ɗin bana ne ba kyau, duk da ko tayar da injin ba a yi ba. Mai gadi ya ja ni gefe ya ce, "Yallaɓai, tun da aka kawo jirgin nan ba a gaida masu wurin ba." Ya ma san inda ake samun baƙin zakara da sauƙi.

Na kira wani bakanike daga Apo, na biya masa kuɗin tasi. Da isowarsa ya ce, "Oga, inji duk inji ne." Ya lalubo murfin tankin mai, ya ce in sunkuyo in haska masa da fitilar waya. Ashe ba a buɗe murfin nan sai inji yana can sama an tokare shi, domin idan yana ƙasa man a matse yake. Ya murɗa sau biyu, sai ji na yi fuuu! Daga hula har aljihun gaba na sha wanka. Bakanike ya dube ni ya gyaɗa kai. "To, mai dai akwai." Sannan ya zaro robar man birki daga jaka, wai a cike gurbin abin da ya zube, tunda shi ma haidirolik ne.

"Ɗana, kada ka bari ya zuba!"

Wani dattijo ne a cikin kwale-kwale, yana gyaran koma. Mutumin Yawuri ne, a kan ruwan Kainji ya tsufa yana fama da injunan jirage. Ya ce man birki ba dangin man tirim ba ne, idan ya shiga zai kumbura duk robobin ciki, gyaran yini ya koma na wata. Na ce, "Baba, to zo ka duba injin." Ya ce ba sai ya duba ba, in matso kusa. Ya kama gaban rigata ya ɗaga ta saitin rana, jama'a suka yi mini zobe suna leƙen ƙirjina.

Ya ce man da aka saba zubawa ja ne garau, irin na giyar mota mai atomatik. Idan ya yi baƙi yana ƙauri, zafi ya ƙona shi. Idan yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe, famfo ne ke cin kansa. Idan kumfa ce zalla, iska ta shiga. Nawa kuwa ya yi kauri ya dushe, kamar an dama zoɓo da madara. "Wannan ruwa ne," in ji shi.

Bakanike ya ce bai yarda ba. Baba ya tari ragowar man a gorar roba, ya ce a ajiye, gobe za a ga ruwa ya kwanta a ƙasa don ya fi mai nauyi. Ni kuwa ba ni da gobe. Sai muka ɗunguma teburin mai shayi, ya ari kaskon suyar ƙwai ya ɗora a wuta. Ya ɗiga sabon mai, ya bazu shiru. Ya ɗiga namu, sai tas-tas-tas, yana tsalle, don ruwa yana tafasa a digiri 100, tun mai bai ji komai ba. Bakanike ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Mai shayi ya ce kaskon ya zama nawa, ya faɗi kuɗinsa.

Saura a gano ƙofar da ruwan ya bi. Baba ya sassauta wani noti a gefe da sukundireba, ƙarti suka ciccibi injin da hannu aka tokare. Sandar ƙarfen ta yi ɗigo-ɗigon tsatsa, ga zaren fatsa ya nannaɗe a gindinta ya yanka robar da ke share ta. Duk saukar da sandar za ta yi, sai ta tafi da ɗan ruwa ciki. Robobin ciki ma sun gaji, shi ya sa inji ke zamewa ƙasa. Na ce, "Baba, zaren fatsar wa ke nan?" Ya dubi sama ya ce da alama za a yi hadari.

Maganin ba na ranar ba ne. Sai an sauya robobi, an goge sandar, an juye gurɓataccen man, an zuba sabo, a yi ta ɗagawa da saukewa har iska ta fita, a sake juyewa har ya fito ja garau. Robobin kuma sai an aiko daga Legas.

Surukai suka iso cikin manyan riguna. Babbansu ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini naira 500 ya ce in kira masa yaron Alhaji. A kwale-kwalen Baba suka zaga, bibbiyu, suna ta salati, ni ina kwarfe ruwa da kaskona.

Da dare na je na yi wa Kawu cikakken bayani, har da digiri 100. Na ce a taƙaice dai ruwa ne ya shiga. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"Jirgin ruwa ne fa. Da me kake so ya shiga, yashi?"