Ita Kaɗai Muke Turawa Asibiti

A nan wajenmu, daga Bebeji zuwa Kiru, daga Tudun Wada har Doguwa, amarya ba ta cika wata shida a ɗaki sai mun fara leƙen cikinta. A gidan suna ake ɗauko zancen. "Wai har yanzu shiru?" "Shiru, Yaya, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba." Daga nan kowacce ta kawo tata: sanyi ne, namijin dare ne, a'a hannu aka sa mata. Uwar miji ta aika a karɓo rubutu, gwaggo ta taho da sassaƙe daga kasuwar Kwanar Dangora, yarinya ta yi ta ɗirka. Shekara biyu na cika mun raɗa mata juya, mun fara nema wa ɗanmu wata.

Shi kuwa maigida yana majalisa, ba mai ce masa uffan. In wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Malam, da kai ma ka je an duba ka," sai ya harzuƙa: "Ni? Lafiyata ƙalau!" Mu maza mun ɗauka ƙarfin shimfiɗa shi ne haihuwa, alhali mutum na iya zama garau, amma ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa sun yi kaɗan, ko suna nan ba sa motsi. Likitoci sun tabbatar cewa kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai matsala a wajen mijin, ko shi kaɗai ko tare da matar. Dukkanmu mun san gidan da aka saki mata biyu ko uku, kowacce ta je ta haihu a wani gidan. Hakkin waɗannan bayin Allah a wuyan wa yake?

Manomin masara a Doguwa, in shukarsa ta ƙi fitowa, ba ya tattara laifin ya ɗora wa gona. Sai ya jiƙa irin a tsumma ya ga ko zai tsira.

Awon namiji shi ne mafi sauƙi, mafi arha, ba allura ba ciwo. Ya ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ya ba da maniyyi a kwalbar da ɗakin gwaji ya ba shi, a duba cikin awa ɗaya: yawan ƙwayoyin, motsinsu, da siffarsu. In sakamakon bai yi kyau ba, ba a yanke hukunci, akan maimaita bayan kamar wata uku, don ko zazzaɓi mai zafi yakan rage su na ɗan lokaci. Na mace kuwa da yawa: a ɗebi jini wajen kwana na 21 daga fara al'ada a ga ko tana sakin ƙwai, a yi sikanin a duba ko akwai ƙari a mahaifa, sannan a zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ɗauki hoto a ga ko hanyoyin ƙwai a buɗe suke. Wannan na ƙarshen akwai zafi, akwai kuɗi. To don me za mu fara da mai wuyar?

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 muke cin albarkar ruwan, amma tsargiya ma tana tare da mu. Yaro ya yi fitsarin jini mu ce girma ne ya zo. Ƙwan tsutsar da ke kawo tsargiya yakan maƙale a mahaifa da hanyoyin ƙwai na 'ya mace, yakan taɓa maniyyin namiji, alhali ƙwayar praziquantel tana kashe tsutsar. Haka ciwon sanyi: maigida ya sayi kafso a kyamis ya sha shi kaɗai, matar ta zauna da cutar har hanyoyinta su toshe. Hangum bayan balaga, taba da tiramol duk suna rage ƙwayoyin namiji.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 yakan gamu da matsalar haihuwa a rayuwarsa. Ƙa'idar likitoci ita ce, in an shekara ana tare ba ciki, a je awo. In matar ta haura 35, wata shida ya isa. A fara da babban asibitin Tudun Wada ko na Doguwa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Ai tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, mun saba ganin saurayi da budurwa sun je an ɗebi jininsu tare. Abin da muka yarda da shi kafin a shafa fatiha, me zai sa ya zama abin kunya bayanta?

Haihuwa kyautar Allah ce, kuma malamanmu sun sha gaya mana neman magani ba ya kore tawakkali. Mu ci gaba da addu'a, amma ku 'yan'uwana maza, ranar da za a tafi asibiti kada ku ba da kuɗin mota ku koma majalisa. Ku shiga gaba, ku ce wa likita a fara da ku. Sakamakon sirri ne tsakaninku da shi, kuma da yawa daga cikin matsalolin nan suna jin magani in an gano su da wuri.