Agogon Boga Ya Kai Ni Gidan Bazawara

Likita ne ya jawo mini. Ya duba awon jinina, ya dubi tumbina, ya ce in ina son ganin auren jikoki, in riƙa sassarfar kilomita 5 kullum da safe. A raina na ce, kakanninmu da suka tako daga Kano zuwa Gwanja fataucin goro, wa ya ƙirga musu kilomita? Da zango suke lissafi, inda jaki ya gaji nan tafiyar yini ta ƙare, har sunan ya bi unguwar da muke zaune a Kumasi. Amma likita ba ya karɓar zango.

Ana haka sai ƙanena, bogan Jamus, wato mazaunin can, ya zo hutu ya ba ni tsarabar agogon gudu. Ya ce agogon yana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar sojan Amurka, waɗanda ke shawagi sama da kilomita 20,000 a bisa kanmu, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana. Da ya ji muryar huɗu daga cikinsu, ya san inda nake. Ni da ko Sarkin Zongo bai san da zamana ba, yau ga taurari huɗu suna gadina.

Ranar farko na tsaya a ƙofar gida bayan sallar asuba, hannu a sama, ina jiran agogo ya gaisa da taurari. Masu pragya, wato adaidaita-sahu, su uku suka tsaya, kowa yana tambayar ina za ni.

Hanyata ɗaya ce. Daga Aboabo in ratsa lunguna, in ɓulla wajen Akwatia Line, in wuce babban masallaci, in taɓa Alabar, in hango hanyar Manhyia, in juyo gida. Agogo ya ce kilomita 5.4. Sati uku ina zuwa majalisarmu ta shayi ina ɗaga hannu kamar mai tallan zobe, har na fara ba matasa shawara a kan numfashi.

Sai ɗan ƙanwata, wanda ke karatu a jami'ar Tek, ya zo ya zuba mini ƙasa a gari. Ya buɗe taswirar intanet a kwamfutarsa, ya ce in nuna masa inda nake bi. Yana dangwala ɗigo, layi yana biyo shi, har muka dawo ƙofar gida.

"Kawu, kilomita 4.1 ne."

"Kai yaro, taurari huɗu ne suka shaide ni."

"Kawu, a lungu taurarin ba sa ganinka. Saƙonsu yana dukan kwanon rufi da bango kafin ya iso hannunka, sai agogon ya ɗauka kana can alhali kana nan. Yana ajiye ɗigo yana haɗawa da layi, duk tangaɗin da layin ya yi sai ya rubuta maka a matsayin gudu."

Na ce ita taswirar tasa ta taɓa tsallake kwata? Ta san lungun bayan gidan mai tuwon zafi, inda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da bango? A wurinta Zongo tituna biyar ne da fili fari fat a tsakani, shi kuma ya ja layi miƙe ta kan rufin mutane kamar shirwa. Kaucewar aboboya mai dakon kaya, zagayen tumakin Alhaji, rumfar biki da ta toshe hanya ranar Lahadi, duk ƙafata ta biya, taswira ba ta rubuta ba. Majalisa ta rabu biyu. Aka yanke cewa wanda ya faɗi zai sayi sukari da ganyen shayi na sati guda.

Da a nan maganar ta tsaya, da da sauƙi. Don ya kafa hujja, yaron nan ya sauke tafiyata ta agogo a kan wayarsa, ya kawo gida yana nunawa a tsakar gida, uwargida tana tankaɗe a gefe. Jan layi ya fito daga ƙofarmu, ya yi ta layi kamar ɗan maye, ya tsallaka kwata sau bakwai inda na san sau ɗaya na tsallaka, ya ratsa shagon wanzami ta bango. Daga nan ya shige wani gida, ya yi ta kewaye a ciki kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi.

Uwargida ta ajiye rariya. "Malam, wannan gidan wa ke nan?"

Gidan bazawarar nan ce mai sayar da wake da shinkafa. Minti goma sha biyu, in ji agogo, kullum, har da mita 300 na kai-komo a tsakar gidanta.

Gaskiyar magana, a jikin katangar gidan akwai rumfar kwano ta mai koko da ƙosai, kuma a nan nake ɗan zama a benci in huta. Ina zaune, ƙosai a hannu, agogo a ƙarƙashin kwano ya rasa sama, sai ya riƙa lalube, yana jefa ni mita goma gabas, mita goma yamma, yawanci ta cikin katanga. Sai ga ni a tsaka mai wuya: in ce agogo ba ya ƙarya, na shiga gidan bazawara, in ce yana ƙarya, na sayi sukarin majalisa, kuma na tona asirin ƙosai, wanda likita ya hana ni da babbar murya.

Na zaɓi ƙosai. Uwargida ta ce ita duka biyun ta yarda da su.

Wanda ya kawo mafita wani dattijo ne mai gyaran keke. Ya ce ko a manyan gasannin duniya, tseren nan mai kilomita 42.195 da keke ake auna hanyarsa, a ɗaura wa ƙafar gaba abin ƙirga juyi, har a ƙara mita ɗaya a kan kowace kilomita don gudun gaira. Muka ɗaura jan ƙyalle a waya ɗaya ta ƙafar kekensa. Tela ya kawo tef ya zagaya taya: inci 86, wato mita 2 da santimita 18. Ɗan ƙanwata yana tura keke, ni ina biye a duƙe, ido a kan ƙyalle, ina danna tasbahar nan ta yatsa duk juyi ɗaya.

Ba mu kai Akwatia Line ba yara goma suka bi bayanmu. Wata tsohuwa ta tsaya ta ce Allah ya karɓa, ita dai ba ta taɓa ganin wuridin keke ba. Muna kan 1,400 da wani abu sai ga wani Alhaji abokin mahaifina ya kama hannuna da hannu biyu, ina gida, ina iyali, ina gajiya, ya labarin ƙanenka na Jamus. Da ya sake ni na duba tasbaha, sifili. Ya danne maɓallin gogewa. Muka koma Aboabo muka faro, wannan karon hannuna a cikin aljihu, ina gaisuwa da ka kamar mai girman kai.

Juyi 2,110. Aka buga lissafi, kilomita 4.6. Agogo ya yi mini kyautar mita 800, taswira ta cinye mini 500, likita kuma yana bina 400 na kowace safiya tun sati uku. Majalisa ta ce tunda duk mun faɗi, ni sukari, yaro ganye. Yaro ɗalibi ne, ba shi da ko sidi, sai ya ranta a wurina.

Uwargida ba ta halarci awon ba, kuma ta ce keke bai shiga gidan kowa ba balle ya ba da shaida. Yanzu kullum da asuba autanmu ɗan shekara tara take haɗa ni da shi. Ba ya jiran tauraro, ba a yi masa caji. Jiya muna shigowa, kafin in cire takalmi, na ji shi a kicin yana ba da rahoto: "Umma, sau huɗu ya tsaya, ƙosai shida ya ci, ya ba ni biyu ya ce kar in faɗa."