Wasiƙa daga Tuddan Kiyanti

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

 An ce har yanzu sai hantsi ya dubi ludayi kake tashi, to wanke ido ka karanta.

Ina Italiya, a tuddan Kiyanti, tsakanin Firenze da Siyena, ina aiki a gonar inabin wasu iyali. Tsoho ne mai gida. Ɗansa ke kula da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda ruwan inabi ke kwanciya cikin gangunan katako har ya zama giya, surukar tsohon kuma ita ke riƙe da ɗakunan baƙi. Tsohon garken shanunsu suka gyara suka zuba gadaje, sai ga mutanen Jamus da Amurka suna biyan kuɗi su kwana inda saniya ta kwana! Tun 1985 ƙasar ta yi wa irin wannan masauki doka, don manomi ya sami na cefane ba tare da ya bar gonarsa ba. Ka kwantar wa Inna da hankali: giyar nan ko ɗanɗanawa ban yi ba. Sun san addinina, tsohuwar gidan da kanta take ware mini tukunyar da alade bai shiga ba.

A Satumba muka fara yanka. Da sassafe za ka kama layinka da almakashi, ka ɗaga ganye, ka yanko gungun inabi baƙi wuluk, mai sanyin raɓa, wanda suke kira Sanjobeze. Kafin azahar yatsu sun manne da zaƙi, zanzaro na bin hannu. Manyan abokan gabarmu aladun daji ne. Ba sa taɓa ɗanye, sai ya nuna su zo da dare, shi ya sa aka kewaye gonar da waya mai lantarki. Ranar da suka sami kafa suka share rabin layi, wallahi kai na tuna gaban tuwon Cika-ciki.

A wuyan kwalabensu akwai hoton baƙin zakara. Wai a da, Firenze da Siyena sun yi yarjejeniya kowa ya saki mahayi da carar farko, inda suka haɗu nan ce iyaka. Mutanen Firenze suka hana baƙin zakaransu abinci, yunwa ta sa ya yi cara tun cikin dare, mahayinsu ya cinye ƙasa har kusa da ganuwar Siyena. Da kai ne mahayin Siyena, da a kan tabarmarka za a kafa iyakar.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Na ji kana neman mai sayen gonar Kaka. Taubashi, kada ka yi. Ƙasar nan tasu tsakuwa ce zalla, tamu ta fi ta nesa ba kusa ba, amma tsohon nan ya san kowace kuranga, ya san wadda ubansa ya dasa, jikarsa kuma ta gama jami'a ta dawo tana taya shi. Idan na gan su tare a gona sai ƙirjina ya yi nauyi.

Na turo kuɗin shararka, har da ƙarin na taki buhu biyu. A gonar za a zuba, ba a wurin mai tsire ba. In an gama tsinkar zaitun a Nuwamba zan aiko wa Inna da mai. Kai kuma ka nemi mai zuwa ka ba shi daddawa da yaji.

Ubangidanka.