Ilimin Karanta Babbar Riga a Otal Mai Tauraro Biyar

Otal mai tauraro biyar, wato masaukin da ya kai ƙololuwa a ma'aunin tsada da jin daɗi, wuri ne da ake koya wa sabon ma'aikaci murmushi tun kafin a gaya masa albashinsa. Manyan kamfanonin da ke da rassa a faɗin duniya, kamar Hilton wanda asalinsa ke komawa ga otal ɗin da Conrad Hilton ya saya a garin Cisco na Amurka a 1919, suna da kundin ƙa'idoji da ya fayyace yadda ake naɗe tawul da yadda ake gaida baƙo, domin wanda ya kwana a Landan jiya kada ya ga bambanci idan ya sauka Abuja yau. Sai dai tun da aka buɗe Nicon Noga Hilton a Maitama a 1987, aikin otal a Najeriya ya haifi wani fanni da ba ya cikin kowane kundi, shi ne ilimin karanta babbar riga.

Makarantar wannan fanni ita ce falon karɓar baƙi, wanda magina suka tsara domin wucewa, jama'a kuma suka mayar da shi fada. A nan ma'aikaci ke gano cewa mai ɗaki na gaskiya yakan shigo da kaftani mara aiki, ya karɓi katin ƙofarsa ya haye sama ba tare da kowa ya ji tarinsa ba, alhali wanda shaddarsa ta sha sitaci har tana ƙara, ga wayoyi uku a hannu, galibi jiran wani yake yi wanda ya san wani da ke riƙe wa minista jaka. Irin wannan bawan Allah yakan sayi ruwan gora ɗaya da hantsi, ya yi ta lallaɓa shi har bayan isha'i, yana shan sanyin na'ura kyauta. Duk da haka wajibi ne a ce masa “ranka ya daɗe” a kuma rusuna, domin gogaggun ma'aikata sun shaida cewa garambawul ɗaya ya isa ya mayar da mai jiran falo shugaban hukuma, kuma masu jira ba sa mance fuskar da ta harare su.

Dangane da tukwici, ƙa'idar da aka fi yarda da ita ita ce yawansa yana raguwa gwargwadon ƙaruwar 'yan rakiya. Baƙon da ya buɗe magana da “ka san ko ni wane ne?” yakan rufe ta da “Allah ya yi albarka, zan neme ka”, musamman idan ya ga kuɗin hidima a takardar biya tare da harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a 2020, ya ɗauka ya riga ya fitar da zakka. Shi kuwa wanda ya gyara gadon, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a 2024, kuɗin da ba ya kama ɗakin ko na dare ɗaya, sai ya tuɓe kwat da murmushin tare, ya shiga layin motar Nyanya ko Mararraba.

Akwai kuma matsalar buta, wadda makewayin marmara mai tawul shida bai yi tanadinta ba, har takan kai ma'aikaci ga tarar da tukunyar lantarkin dafa shayi a inda mai ƙera ta bai taɓa zato ba.

Babbar jarrabawa tana zuwa ne ranar rufe taron ƙara wa juna sani, wato zaman kwana uku da ake yi a ɗaki mai sanyi domin tattauna talauci, wanda mahalartansa ke nuna ƙwazo na musamman a teburin karin kumallo. A ranar ce sabulai da silifas da tawul ke zama tsarabar yara, kuma tun da ladabi ya hana a kira babban mutum da sunan da aikinsa ya ba shi, sai ma'aikaci ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, da alama tawul ɗinmu biyu sun yi ɓatan kai sun faɗa jakarka.” Amsar da aka saba ji ita ce direba ne ya haɗa kayan.